Ranar da Iya Ta Manta Sunan Sabara

Wannan makon alƙalami ya faɗo hannunmu, kuma mun zaɓi mu kawo muku wani al'amari da ya faru a gidanmu a Babura, wanda har yanzu muna cikinsa. A cikin labarin akwai kuskuren da muka tafka da alƙalami, shi ya sa muka ga babu inda ya fi dacewa mu faɗe shi kamar nan.

Wata safiya da sanyin hunturu, muna da mai jego a gida, ƙaninmu ya shigo da rassan sabara da ya saro daga bayan gari don ruwan wanka. Kakarmu, wadda kowa ke kira Iya, tana zaune a kan tabarma tana shan hantsi. Ta miƙa hannu ya ba ta reshe guda. Ta murza ganyen, ta kai hanci, ta daɗe tana jujjuya shi, sannan ta ɗago ta ce masa, "Mai gidana, wannan abin fa, yaya ma sunansa?"

Muka kwashe da dariya, mun ɗauka wasan jika da kaka ne. Ita ba ta yi dariya ba.

Wanda bai san Iya ba ba zai gane nauyin wannan tambaya ba. Ta fi shekara arba'in tana unguwarzoma, rabin unguwarmu ita ta yanke wa cibi. Tun daga saiwa zuwa sassaƙe, babu abin da ba ta sani ba a dajin da ke tsakanin Babura da Kanya Babba: kalgo, marke, bagaruwa, tsada, hano, rai-ɗore. Ta san wanda ake jiƙawa da wanda ake dafawa, ta san wanda ba a ba mai ciki. Matar da ta koya wa unguwa guda sabara, ita ce take tambayar jikanta sunanta.

Da muka zauna muka yi lissafi, sai muka ga alamun sun daɗe da farawa. Ta sha zuba gishiri sau biyu a miya. Ta sha idar da sallar la'asar ta sake tayarwa. Takan ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin tabarma, ta manta, ta ce an sace. Da magariba ta gabato sai ta ɗaure 'yan kayanta a zane ta ce za ta tafi gida, alhali gidan da take nufi na iyayenta ne, wanda ya rushe tun kafin a haifi mahaifinmu. Sau ɗaya wani mai babur ya tsince ta a hanyar gona, babu takalmi, ya dawo mana da ita.

Kowa ya kawo tasa fassarar. Manyan gida suka ce gigin tsufa ne, sai haƙuri. Wasu suka ce iska ce. Mafi ciwo shi ne abin da ya fara yawo a bakin famfo. Saboda takan ambaci matattu kamar suna raye, kuma takan kira sunan yaran maƙwabta cikin dare, sai aka fara raɗa cewa tsohuwar tana da maita. Matan da ita ta karɓi haihuwarsu suka fara janye 'ya'yansu daga ƙofar gidanmu.

Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mun sayo zuma da zabibi da lubban, irin haɗin da ake ba masu hadda. Mun sayo man habbatus sauda. A nan ne kuma namu laifin ya shigo. Da yake mun yi difloma a fannin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje a kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, a gida ana yi mana kallon rabin likita. Muka shiga intanet dare ɗaya, muka tsinto 'yan bayanai, muka haɗa rubutu mai taken tsirran da ke warkar da mantuwa, muka jera zogale da kurkur da habbatus sauda, muka rufe da kalmomi uku masu daɗin rubutawa: bincike ya tabbatar. Muka sa a Facebook. Rubutun ya yaɗu fiye da duk wani gajeren labari da muka taɓa yi, har muka riƙa jin kanmu.

Kawunmu yana cikin waɗanda aka karanta wa. Ranar kasuwa ya ji wani mai magani a mota yana shela da lasifika, ya sayo kwalba mai maganin mantuwa da basir da sanyi da hawan jini duk a haɗe. Ya ce, "Tunda yaran gidan nan masu boko sun rubuta cewa itatuwa na warkarwa, a huta da ƙwayar asibitin nan haka." Aka ajiye maganin hawan jinin da Iya ta yi shekaru tana sha. Kwana uku tana amai da gudawa, a rana ta huɗu muka ɗauke ta ranga-ranga zuwa asibiti aka ɗaura mata ruwa.

Likitan ya auna jininta, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wa ya ce a tsayar wa Iya da maganinta?" Kawu ya sunkuyar da kai. Mu ma muka sunkuyar, don mun san inda zaren ya faro.

Bayan ta farfaɗo aka tura mu Kano wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya zauna da ita cikin ladabi, ya tambaye ta sunayen 'ya'yanta, ya ambata mata abubuwa uku ya ce ta riƙe, bayan 'yan mintuna ya tambaya, ba ta kawo ko ɗaya ba. Ya sa aka yi gwajin jini, don akwai mantuwar da ƙarancin sinadarin B12 ko matsalar maƙoƙo ke kawowa, kuma irin wannan tana jin magani. Ta Iya ba ta cikinsu. Ya ce alamu sun fi karkata ga cutar Alzaima, mai yiwuwa haɗe da ɓarnar da hawan jini ya yi wa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ya ce akwai ƙwayoyin da kan taimaka na ɗan lokaci, amma kada mu sa ran warkewa. A ƙarshe ya ce, "Ku gaya wa mutanen unguwa ciwo ne, kamar ciwon suga. Babu maita a ciki."

Daga nan muka koma karatu, wannan karon da kunya da natsuwa. Ga abin da muka samu, wanda ya kamata a ce mun nema tun kafin mu yi wancan rubutun.

Cutar ta samo sunanta daga wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, wanda a 1906 ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan shekaru tana fama da mantuwa da ruɗewa. Wasu sinadaran furotin ne ke taruwa su dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da cikinsu, ƙwayoyin su riƙa mutuwa sannu a hankali. Ɓangaren da ke ajiye sabon abu shi ke fara taɓuwa, shi ya sa Iya ke tuna gidan ubanta amma ba ta tuna ta ci tuwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da larurar mantuwa, fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma Alzaima ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Ba ciwon Turawa kaɗai ba ne. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da takwarorinsu na Amurka suka fara bin tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis, suka tarar cutar tana nan a Ibadan, ko da yake ba ta kai yawan ta can ba.

To ina tsirrai suka shigo? Hanya mafi sauƙi ta fahimta tana bayan gidajenmu. Duk ɗan Babura ya san zaƙami, ya kuma san abin da ke faruwa idan 'yan iska suka zuba shi a kunu ko zoɓo a gidan biki: mutum ya yi ta sambatu, bakinsa ya bushe, washegari ya tashi bai san abin da ya aikata ba. Dalili shi ne, a ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda shi ne ɗan aiken da ke kai saƙo daga wata ƙwaya zuwa wata, musamman a harkar tunawa. Zaƙami na ɗauke da sikofolamin, wanda ke tare wa ɗan aiken nan ƙofa. A cutar Alzaima kuwa, ƙwayoyin da ke samar da ɗan aiken ne ke mutuwa, sai ya yi ƙaranci. Masana suka ce, idan aka samu abin da zai hana jiki saurin share ɗan ragowar da ke akwai, saƙo zai riƙa isa ko da kaɗan ne.

Abin mamaki, ɗaya daga cikin tsirran farko da aka samu da wannan aiki ɗan Najeriya ne. A Kalaba akwai wani wake mai dafi da Efik ke kira esere. A da, idan aka zargi mutum da maita, shi ake ba shi ya sha: in ya amayar ya rayu an wanke shi, in ya mutu an ce laifinsa ne ya kama shi. Turawa suka kai waken Turai, a 1864 aka tace sinadarin da ke cikinsa aka sa masa suna fisostigmin. Har yau likitoci na amfani da shi wajen karya dafin irin su zaƙami. A kan tsarinsa ne aka ƙera ribastigmin, wanda Amurka ta amince da shi a 2000 don masu Alzaima. Ranar da muka karanta wannan mun daɗe shiru. Waken da aka kashe waɗanda ake zargi da maita da shi, jikansa ne ake ba tsofaffi irin Iya, waɗanda ciwo ya sa ake yi musu wannan zargin.

Na biyu shi ne galantamin. An fara tace shi a shekarun 1950 a Tarayyar Sobiyet da Bulgeriya, daga wata 'yar fure fara mai tushe kamar albasa da ke fitowa a ƙarshen sanyi. Da farko masu raunin tsoka da waɗanda shan inna ya taɓa ake ba. Sai a 2001 Amurka ta amince da shi don Alzaima. A ƙasar Sin ma an tace wani mai irin wannan aiki daga wata ciyawa a shekarun 1980.

Ke nan wanda ya ce a cikin tsirrai akwai abin da ke taɓa ƙwaƙwalwa bai yi ƙarya ba. Sai dai ga abubuwan da muka tsallake a wancan rubutu namu. Waɗannan magunguna, duk da shekarun da aka kwashe ana tacewa da aunawa, ba sa warkar da cutar kuma ba sa tsayar da mutuwar ƙwayoyin. Sauƙi suke kawowa ga wasu, na watanni ko 'yan shekaru, kuma suna da nasu illolin kamar tashin zuciya da rage bugun zuciya. Sannan tsakanin magani da guba awo ne kawai. Waken Kalaba na iya kashe ƙato, abin da likita ke bayarwa kuwa 'yan miligiram ne. Kwalbar da Kawu ya sayo babu wanda ya san abin da ke cikinta, balle awonsa.

Akwai kuma tsirran da suka yi suna amma suka faɗi jarrabawa. Ganyen bishiyar ginko ya fi kowanne shahara a duniya a matsayin maganin mantuwa. Aka gwada shi a Amurka a kan tsofaffi 3,069, rabi suna shan sa, rabi suna shan ƙwayar da babu komai a ciki, aka bi su kimanin shekara shida. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai hana cutar kama kowa ba. Kurkur ma yana abin a zo a gani a cikin kwalbar gwaji, amma hanjin ɗan Adam ba ya tsotsar sinadarinsa sosai, kuma gwajin da aka yi a kan masu Alzaima bai nuna ya warkar ba.

Da muka koma kan takardun da muka dogara da su game da zogale da habbatus sauda, sai muka tarar yawancinsu a kan ɓeraye aka yi. Yadda ake yi shi ne, a yi wa ɓera allurar sikofolamin, wato sinadarin zaƙamin nan, ya manta hanyar da aka koya masa, sai a ba shi ruwan ganyen a ga ko zai tuna. Aiki ne mai amfani, shi ne matakin farko, kuma jami'o'inmu na yin irinsa. Amma ɓeran da aka bugar da zaƙami daban, tsohuwar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwarta suka yi shekara goma suna mutuwa daban. Masu binciken da kansu sukan rufe da cewa ana buƙatar ƙarin gwaji. Mu ne muka share wannan layin muka sa "ya tabbatar". Hatta lambar NAFDAC da ake gani a jikin yawancin kwalaben gargajiya, shaida ce cewa an duba ba su da cutarwa ta kusa, kuma in kun karanta da kyau za ku ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Kada wani ya fahimce mu a kan muna raina ilimin su Iya. Karatun nan ƙara mana girmansa ya yi, ya kuma nuna mana inda aikin marubuci yake. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau ya samo asali ne daga wata ciyawa 'yar uwar tazargade. Masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou ta yi ta dafa ciyawar ba ta samun sakamako mai ɗorewa, sai ta koma wani littafin magani da aka rubuta a ƙarni na 4, ta ga marubucin ya ce jiƙawa ake yi a matse. Ta gane zafi ne ke kashe sinadarin. Wannan ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. Wani ne ya zauna shekaru sama da 1,600 da suka wuce ya rubuta yadda ake haɗawa dalla-dalla, bai ƙara gishiri ba. A nan gida, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan na masu sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda a cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Sunayen itatuwanmu kuwa, wani likita Bature mai suna Dalziel ne ya tattara su ya buga a 1916, har masana suka laƙaba wa bishiyar hano sunansa. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan. Mu jikokin masu ilimin, me muka rubuta?

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai da tafiyar ta kama muka fara. Muka sayi littafi mai bango mai kauri. Mun lura Iya ta fi natsuwa da hantsi, bayan ta karya. Sai mu kawo mata ganye ko sassaƙe mu sa mata a hannu, ba ma tambayar suna don kada ta ji kunya. Sau da yawa hanci da yatsu kan tuna abin da harshe ya manta. Tana murzawa sai ta ce, "Wannan na mai jego ne, tafasawa ake yi." Kowane tsiro mun ba shi shafi: sunansa, inda yake fitowa, ɓangaren da ake ɗiba, lokacin ɗiba, jiƙo ne ko dahuwa, da wanda aka hana wa. A ƙasa mun ja layi mun raba gida uku. Gida na farko, abin da Iya ta ce. Na biyu, abin da muka gani da idonmu. Na uku, abin da aka gwada, kuma a kan wa: kwalba, ɓera ko mutum. A mafi yawan shafukan gida na uku fayau yake, kuma mun bar shi haka.

Mun samu tsirrai talatin da ɗaya. Akwai wata saiwa da take ajiyewa a tsohon gwangwani, wadda mahaifiyarmu ta ce da ita take taimakon matan da jini ya ƙi tsaya musu. Mun sa mata ita a hannu ya fi sau goma. Takan shinshina, ta yi murmushi, ta mayar mana. Babu wanda ya san ko ta wace bishiya ce. Da mun tambaya shekara biyar da suka wuce, da amsar ba za ta ɗauki minti ɗaya ba.

Wancan rubutu mun goge shi, mun kuma rubuta gyara da ban haƙuri. Gyaran bai samu ko kashi ɗaya cikin goma na masu yaɗa na farkon ba. Har yau mukan yi tunanin gidajen da ya shiga waɗanda ba mu sani ba, da ko akwai wani kawun da ya ajiye wa tsohuwarsa magani saboda mu. Wannan nauyi ne da muke roƙon Allah Ya yafe mana.

Shawararmu ga 'yan uwa ita ce, idan za ku rubuta "bincike ya nuna", ku tsaya ku tambayi kanku wane bincike, a ina, a kan mutum nawa. In ba ku da amsa, ku rubuta "an ce", ba abin kunya ba ne. In kuna son ba mai karatu abin da zai amfane shi a kan mantuwa, akwai wanda ya fi kowane ganye ƙarfin hujja: kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na larurar na da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya magancewa, cikinsu har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da zaman kaɗaici. Ƙwayar hawan jinin da aka ajiye wa Iya ta fi duk abin da muka jera amfani ga ƙwaƙwalwarta. Masu rubuta labari kuma, a daina mayar da tsohuwa mai sambatu mayya ko abin dariya. Limamin unguwarmu, Allah Ya saka masa, da muka kai masa bayanin likita ya yi magana a kai bayan sallar asuba, kuma tun daga ranar yara suka fara dawowa ƙofar gidanmu.

Iya tana nan da rai. Tana cin kwaɗon zogalenta don tana so, kuma abinci ne mai kyau. Tana shan maganinta a kan lokaci. Mun ɗinka mata lambar waya a gefen mayafi. Idan magariba ta yi ta ɗaure kaya, ba ma gardama da ita, sai ɗaya daga cikinmu ya ce, "To Iya, mu je in raka ki," su zaga bayan gida su dawo, ta zauna ta ce Alhamdulillahi an iso lafiya. Yanzu ba ta cika gane sunayenmu ba, amma wasan bai mutu duka ba, don jiya ma ta kalli ƙanwarmu ta ce wannan kishiyar ba ta iya shara ba.

Makon da ya wuce muna karanta mata shafin bagaruwa, muka ce dafawa ake yi. Ta ɗago da sauri ta ce, "Kai! Wa ya gaya muku? Jiƙawa ake yi." Muka duba, ashe mu ne muka yi kuskuren kwafa. Muka gyara a gabanta.

Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, ya samu littafi ya je ya zauna da su a cikin makon nan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, Ya kuma tsare alƙalumanmu daga rubuta abin da ba mu da ilimi a kai.